Man da ya fi araha a Kano shi ne wanda litarsa ta cika

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ke cin ran duk wanda ke tayar da inji a garin Kano, wato neman inda man fetur ya fi sauƙi. Ni ɗan sahu ne. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙa Adaidaita Sahu, na fara ne shekara guda bayan an hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a farkon 2013. Gidana yana Ɗorayi. Hanyata ta kullum daga Kabuga zuwa Bata ce, wani lokacin in miƙa Yankaba, ko in bi titin Zariya idan na samu shata. Mashin ɗin ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Saboda haka duk naira ɗaya da ta salwanta a gidan mai, daga kuɗin cefanen gidana ta fita.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi, na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare na ajiye a ƙarƙashin kujera. Duk man da na sha sai na rubuta ranar, da gidan man, da farashin da ke kan allo, da kuɗin da na bayar, da kuma inda man ya kai ni kafin mashin ya shiga rizab. Yanzu littafi na huɗu nake ciki. Abin da zan faɗa a nan daga cikinsu na ciro shi.

Kafin wannan rana farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, ko da yake mu a Kano mun daɗe muna saye sama da haka a gidajen 'yan kasuwa. Kwana biyu bayan jawabin, NNPC, wato kamfanin mai na ƙasa, ta fitar da sabon jadawalin farashin lita: Legas 488, Abuja 537, Kano 540, Maiduguri 557. Wanda ya duba waɗannan lambobi da kyau ya san daga ranar nisanka da bakin teku ne zai riƙa yanke maka farashi. A watan Yuli lita ta wuce 600. A Satumbar 2024 ta doshi 900, a Oktoba ta haura 1,000, a wasu gidajen na nan Kano har sama da 1,100 na saya. Daga baya matatar Dangote da ke Lekki, wadda ta fara sayar da fetur a Satumbar 2024, ta shiga rage farashi, NNPC ma ta bi sahu. A ƙarshen Fabrairun 2025 aka sanar cewa gidajen mai na kamfanin MRS za su sayar a kan 860 a Legas, 880 a Arewa. Tun daga lokacin allunan gidajen mai suka daina yin baki ɗaya. A titi guda sai ka ga gida uku, farashi uku. A da idan muka haɗu a danja tambayar da muke wa juna ita ce "ina ake ba da mai?" Yanzu ta koma "ina ya fi sauƙi?"

Na yi wata da watanni ina bin wannan tambaya da ƙafata, kuma na yi asara a kanta kafin in gane. Wata ranar Litinin da sassafe, ina tsaye a Kabuga, wani abokin sana'a ya rage gudu ya ce mini akwai wani gida a titin Maiduguri, bayan Hotoro, da ya fi na kusa da mu sauƙi da naira 30. Ban tsaya ɗaukar kowa ba, na kama hanya. Da na isa na tarar labarin ya riga ni zuwa: layin 'yan sahu ya fito har bakin titi, famfo biyu kawai ke aiki, ɗaya na motoci ɗaya namu. Sai da na yi kusan awa biyu kafin a zo kaina. Tankin mashina lita takwas yake ci. Takwas sau talatin, naira 240 ke nan na rage. Zuwa da dawowa babu fasinja ya ƙone mini fiye da lita guda, wato kusan naira dubu. Sannan awa biyun nan su ne lokacin da ɗaliban Jami'ar Bayero da ma'aikata da 'yan Kantin Kwari ke fitowa, lokacin da ɗan sahu ke haɗa rabin balas ɗinsa. Da daddare na zauna na lissafa a littafin, na ga an je neman ƙiba an samo rama. Ranar 'ya'yana da shinkafa da mai da yaji suka kwana, babu ko kifin ɗari biyu.

Wanda ke da mota mai cin lita sittin, idan ya samu rangwamen naira 30, ya rage naira 1,800, tafiyar ta biya kanta. Mu masu ƙaramin tanki ba ta biyan mu. Na ga 'yan'uwana da yawa har gobe ba su yi wannan lissafin ba, suna ganin allo sai su bi.

Amma nisa da layi duk masu sauƙi ne, domin ido yana ganinsu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda ido ba ya gani.

Wata rana da yamma na shiga wani gidan mai da allonsa ya fi na maƙwabtansa sauƙi, ba zan faɗi sunansa ba. Mashina ya shiga rizab amma bai mutu ba, da kansa ya kawo ni har bakin famfo. Na ce wa yaron ya cika. Ina kallon mita, ta wuce bakwai, ta wuce takwas, ba ta tsaya ba sai a tara da ɗigo uku. Na ce masa, "Ƙanena, wannan tankin lita takwas ne, kuma da sauran mai a ciki. Ina lita guda da wani abu ta shiga?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, wallahi ni zubawa kawai nake yi, abin da mita ta nuna shi nake karɓa." Na yarda da shi, domin na ga tsoro a fuskarsa. Na nemi manaja, ya fito yana danna waya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba famfon nan." Ya ce tankunan 'yan sahu duk sun buɗe saboda zafi da faɗawa ramuka, in ba na so in je wani wuri. Na bayana suna ta danna ham. Na biya kuɗin lita tara da ɗigo uku na fita.

A cikin mashin akwai wani dattijo da na ɗauko daga Tal'udu, ya ce shekara talatin ya yi yana awon hatsi a Dawanau. Bai ce komai ba sai da muka hau titi. Sannan ya ce, "Ɗana, a kasuwarmu in aka kama mutum ya bubbuga gindin kwano ya shigar da shi ciki, shugabannin kasuwa ne ke karɓe kwanon a gaban jama'a, kuma sai ya daɗe bai ɗaga kai ba. Mai saye yana iya zuwa da kwanonsa daga gida a auna masa. Ku a nan kwanon yana cikin ƙarfe a kulle, mai kayan ne kaɗai ke da makulli." Na ce, "Baba, gaskiya ne." Maganar nan ta kwana a raina.

Washegari na je wurin wani mai sayar da baƙin mai a Ƙofar Ruwa da muka saba, na ari gwangwaninsa na awon lita ɗaya. Na samu farar jarka wadda ake ganin abin da ke ciki, na riƙa zuba ruwa lita-lita ina jan layi da jan fenti har goma. Na shanya ta ta bushe. Daga ranar, duk gidan man da na shiga karon farko, in sun yarda su zuba a jarka, sai in ce a ba ni lita biyar ko goma a ciki, in ajiye ta a ƙasa mai daidai in duba. Wasu gidajen ba sa yarda, su ce an hana ba da mai a jarka, alhali ina ganin jarkokin 'yan bumburutu jere a bayan ofis. Wasu kuma da sun ga jan layin sai a ce in koma wancan famfon na ƙarshe, wannan "yana da matsala". Wannan ma amsa ce.

Ga abin da jarkar ta nuna mini. Akwai gidajen da man ke hawa kan layin daidai, ko ya ɗan ɗara. Allah Ya yi wa masu su albarka, suna nan a Kano, kuma ba duka ne manyan kamfanoni ba, akwai na 'yan kasuwa masu famfo huɗu da suka fi wasu manyan cika awo. Akwai waɗanda ke gaza da ɗan kaɗan, wanda za a iya cewa tsufan inji ne. Akwai kuma waɗanda ka biya goma su ba ka tara, wani lokacin ma tara ba ta cika ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sau da yawa waɗannan na ƙarshen su ne allonsu ya fi kowa sauƙi.

Malam Edita, a yi lissafin tare da ni. Mu ɗauka gida na farko ya rubuta 880, na biyu ya rubuta 920. Kowa zai ruga na farko. Ka biya kuɗin lita goma, naira 8,800, aka ba ka tara. Raba 8,800 gida tara, kowace lita ta kama maka kusan 978. Na biyun da ka guje wa, wanda litarsa ta cika, 920 ne. Ka bi layi, ka sha rana, ka yi murna ka samu rangwamen naira 40, ashe ƙarin naira 58 ka biya a kan kowace lita. Ɗan sahu da ke shan lita takwas zuwa goma a rana, naira ɗari biyar ke nan take zirarewa kullum, a wata naira dubu goma sha biyar. Kuɗin makarantar Islamiyyar yarana uku bai kai haka ba.

Kuma cutar ba a kan mai saye kaɗai take tsayawa ba. Mai gidan man da ke tsoron Allah, wanda ya sayo mai da tsada ya biya kuɗin dako ya cika lita, ba zai iya rubuta farashin da macuci ya rubuta ba. Sai gidansa ya zama fayau, na macucin ya cika maƙil. In aka daɗe a haka, ko dai ya rufe ko ya bi sahunsu. Mu da muke bin allo ido rufe, da kuɗinmu muke korar masu gaskiya daga kasuwa.

Ba na so a ɗauka duk bambancin farashi ha'inci ne. Na ɗauki direbobin tanka da yaran dillalan mai a mashina ba sau ɗaya ba, na kuma saurare su. Man da muke sha a Kano a bayan mota yake zuwa, daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba. Daga Legas tafiyar ta haura kilomita dubu, tanka mai lita 33,000 ko 45,000 tana yin kwanaki a hanya, tana shan gas mai tsada, ga lalacewar titi, ga kuɗin da ake karɓa a shingaye. A da akwai asusun daidaita farashin mai, PEF, wanda aka kafa tun 1975, shi ke biyan kuɗin dako domin ɗan Maiduguri ya saya daidai da ɗan Apapa. Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da shi cikin NMDPRA, hukumar da ke sa ido a kan dako da sayar da mai, cire tallafi kuma ya kawo ƙarshen wancan tsari. Yanzu kuɗin dakon a kanmu yake. Daffon NNPC da ke Hotoro an gina shi ne domin ya karɓi mai ta bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Ina yaro na sha ganin tankoki jere a wurin suna jiran lodi. Matatar ta yi shekaru ba ta tace komai ba. Da tana aiki, da tsakaninmu da mai bai fi tafiyar awa uku ba, da kuma tankokin da ke kwana a titunanmu sun ragu. Ba mu manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, inda tanka ta faɗi a watan Oktoban 2024, mutane suka fito kwasar mai, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Ba wanda zai kusanci tankar da ta kife da bokiti a hannu in ba tsadar abin da ke cikinta ta kai masa iya wuya ba.

Don haka na fahimci dillali ya ce tsohon kaya ne a tankinsa, ya sayo da tsada, ba zai rage ba sai ya ƙare. Abin da na kasa fahimta shi ne, in an rage farashi a Legas sai a ce mu jira sabon kaya ya iso, mako guda ko biyu. In kuwa an ƙara, kafin sallar isha'i an sa tsani an canza allo. Wace tanka ce take zuwa daga Legas cikin awa uku? Na rubuta ranakun a littafina, sau huɗu ina ganin haka.

Akwai kuma waɗanda ba su da ma halin zaɓen gidan mai, kuma su ne suka fi kowa saye da tsada. Uwargidana tana da injin markaɗe a zaure. Ba ta da kuɗin lita biyar a dunƙule, abin da ta tara daga markaɗen wake da tattasai da shi take aika yaro ya sayo na yini. Gidan mai mafi kusa da mu ba ya sauraron yaro mai gorar ruwa, in ma ya saurara sai an ɗora masa wani abu "na jarka". Dole sai wurin ɗan bumburutu na bakin layi, a kwalba. Na taɓa juye kwalbar da ake kira lita a gwangwanin awon nan, ba ta kai ba, kuɗinta kuma ya fi na gidan mai da naira ɗari biyu ko fiye. Haka tela mai ƙaramin janareta yake saye, haka mai cajin waya, haka mai aski, haka mai wankin mota, haka manomin rani da ke tayar da injin ban-ruwa a Kwanar Dawaki ko Kadawa. Mai babbar mota yana da waya da lokaci da tankin da zai cika a inda ya fi sauƙi. Matar da ke markaɗa wake a naira ɗari ita ce ke sayen lita mafi tsada a jihar nan. Yanzu ni nake sayo mata a jarkata duk bayan kwana uku, ta biya ni a hankali, amma maƙwabtanta da mazansu ba sa hawa titi fa?

Ban ce 'yan bumburutu mutanen banza ba ne. Yawancinsu samari ne da ba su da wata sana'a, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare in mai ya ƙare maka a Panshekara da mai naƙuda a baya, su ne za su fitar da kai. Amma ba ka san abin da ke cikin galan ɗin ba. Ko man da ya biyo hanyar hukuma an taɓa shigo da gurɓatacce, kowa ya tuna Fabrairun 2022 da man da ke da sinadarin methanol fiye da ƙima ya lalata injinan mutane ya jawo dogayen layuka, balle wanda ya kwana a rana a bakin kwata. Sau biyu ina wanke kabureta da canza fulogi bayan shan na galan, abin da na ba bakanike ya fi kuɗin man.

Abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. Na tsayar da gida uku a kan hanyata waɗanda jarkata ta shaide su, ɗaya a titin Gwarzo, ɗaya wajen Ɗan Agundi, ɗaya a titin Murtala Muhammad, duk wanda na zo wucewa da fasinja ko babu, in layi bai yi tsawo ba, nan nake sha. Ba na kauce wa hanya don rangwamen da bai kai naira hamsin ba. Bayan sallar asuba nake cikawa. Ana cewa man safe ya fi auki saboda sanyi, na gwada ban ga wani bambanci a littafina ba, tankin gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake, rana ba ta dukansa. Amfanin safiya shi ne babu layi. Ina saukowa daga mashin in tsaya a gaban mita, in ga an mayar da ita sifili kafin a sa mini bakin famfo, domin an taɓa ɗora mini a kan na mai babur ɗin da ke gabana. Ina zuwa da kuɗi a hannu kuma daidai, saboda in an ce na'urar gidan ba ta aiki sai ka cira a wurin mai POS na bakin ƙofa da caji, in kuma ka ba da dubu goma a kan 9,850 sai a ce babu canji. Iskar taya da fulogi da abin tace iska kuwa kowane direba ya san aikinsu. Duk bayan wata biyu ina sake gwada gidajen ukun da jarka, domin an taɓa samun wanda ya canza hannu, awonsa ma ya canza.

To amma wannan dabarar mutum ɗaya ce, kuma bai kamata a ce sai ɗan sahu ya yi yawo da fentin jarka kafin ya samu haƙƙinsa ba. Akwai waɗanda aka ɗauka aiki domin wannan. Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kula da harkar mai ta DPR, tana da ofis a Kano, kuma tana da ikon auna famfo da rufe gidan da ya tauye. Akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki da masana'antu ta tarayya. Akwai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano. Mukan ji a rediyo an rufe gidajen mai kaza, amma mai saye yana bukatar ya san wane gida ne, a wane titi, nawa yake tauyewa, yaushe aka gyara. Roƙona gare su shi ne duk famfon da aka auna a manna masa takarda mai kwanan wata a inda mai saye zai gani, da Hausa da boko da ajami in ya yiwu, da lambar wayar da za a kira wadda ake ɗauka. A kuma wajabta wa kowane gidan mai ajiye gwangwanin awo na hukuma a fili, wanda duk mai shakka zai ce a zuba masa a ciki ya gani, ba tare da an ce ya zo neman rigima ba. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba, talla ce ma gare shi.

Malamanmu kuma, muna jin wa'azi a kan tauye mudu, ana karanta mana Suratul Muɗaffifina da labarin mutanen Annabi Shu'aibu, amma kusan kullum misalin mai awon gero da mai sayar da nama ake kawowa. Ina roƙon a riƙa ambaton famfon mai da sunansa a kan mumbari. Masu gidajen man da yawa a sahun gaba suke sallar Juma'a, wasunsu ma ƙila ba su san abin da manajojinsu ke yi ba. In sun ji daga bakin liman za su je su duba.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan sahu, da ke karɓar kuɗin tikiti a hannunmu kullum, su ma suna da abin yi. Babu wanda ya kai mu yawan shiga gidajen mai a garin nan. In kowace tasha ta mallaki jarkar awo guda, aka riƙa gwadawa ana sanar da 'yan'uwa gidan da ya cika, cikin wata guda masu tauyewa za su ga layinsu ya koma wani wuri.

Sai kai, Malam Edita. Kuna kawo mana farashin masara da gero da wake daga Dawanau da sauran kasuwanni, muna kuwa amfana. Fetur yanzu ya shiga cikin cefane, domin shi ke yanke kuɗin mota da kuɗin niƙa da kuɗin ruwan 'yan garuwa. Me zai hana ku ware ɗan gurbi kowane mako, wakilinku ya zaga titin Zariya da titin Katsina da titin Haɗeja da titin Gwarzo da titin Maiduguri, ya rubuto farashin da ke kan allo gida-gida? Amma kada ya tsaya a allo, in ya tsaya a nan zai tura mu ne inda za a yanke mu. Ya tafi da ma'auni, ya sayi lita biyar kamar kowa ba tare da ya ce shi ɗan jarida ne ba, ya rubuta abin da ya biya da abin da ya samu. Gidajen da suka cika ku buga sunansu da manyan baƙaƙe. Waɗanda suka gaza ku kai wa hukuma, ku kuma ji ta bakin masu su kafin ku buga.

In wakilin naku ba shi da abin hawa, ni zan zaga da shi ranar Lahadi da safe lokacin da aiki ke da sauƙi, kuɗin mai kawai zai zuba. Littattafan nan huɗu ma zan ba shi ya duba. Ana samuna a Kabuga daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai, jarkar tana ɗaure a bayan kujera.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani ɗan sahu daga Ɗorayi, Kano.